Tambayar da Hajiya ce kaɗai ke da amsarta

Ni malamar firamare ce a Zariya, uwar 'ya'ya biyar. Wanda zan ba da labarinsa shi ne na farin. Sunan mahaifin maigidana ya ci, don haka ko ba don kunyar ɗan fari ba, ba suna ba ne da bakina zai iya kamawa. Baba Ƙarami ake ce masa a gida. Sai da na nemi izininsa kafin na rubuta wannan, ya ce in rubuta amma kada in faɗi layinmu.

Ana yaye shi Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ɗauke shi zuwa gidanta a cikin birni. Mu kuma muna Tudun Wada. Ba wanda ya ga wani abu a ciki, haka aka yi wa babansa, haka aka yi mini. Ya taso yana ce wa Hajiya Inna, ni kuma Anti. Ranar Juma'a ko da Sallah nake ganinsa, in ba shi abin da na riƙo masa, in kau da kai kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi. Yana da shekara 11 ciwon ƙafa ya matsa wa Hajiya, sai aka dawo mana da shi don ya shiga ƙaramar sakandare daga wajenmu.

Ba a yi wata uku ba makaranta ta aiko. Zai fita da safe da kayan makaranta tsaf, sai a gan shi a gidan kallon ƙwallo ko a tasha. Daga nan kuɗi suka fara yin ƙafa: canjin cefane, kuɗin Islamiyyar ƙannensa, sannan kuɗin adashin da matan layi suka tara a hannuna. In an tambaye shi, zai dube ka ido cikin ido ya rantse. Ya soma kai wa sha biyun dare a waje tun bai cika 13 ba, daga baya ya koma kwana biyu, uku ba a san inda yake ba. Ya fasa wa wani yaro kai da kwalba a filin ƙwallo. A 2019, yana da shekara 14, 'yan sintirin unguwa suka kawo shi da asuba, sun kama shi ya ɓalle bayan shagon wani maƙwabcinmu.

Babansa ya yi duka har hannunsa ya gaji. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka. Ni kuwa kullum sai in shiga aji in koya wa 'ya'yan mutane ladabi, in fito in ji ana ƙus-ƙus cewa na malama ne ya addabi layi. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai san zafinsa ba. Wata dattijuwa ta ce mini, "Malama, haƙuri za ki yi, ka haifi ɗa ne ba ka haifi halinsa ba." Don ta rarrashe ni ta faɗa, amma abin da kunnena ya ji shi ne an gama da yaron.

Bayan maganar shagon aka yi zaman dangi. Baffansa, yayan maigidana, ya ce gidan mari kawai, ya san wani malami da ke karɓar kangararru, har an fara haɗa kuɗi. Ana cikin haka, ƙarshen Satumban 2019, labari ya ɓulla cewa 'yan sanda sun kutsa wani gida a Rigasa ta Kaduna sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Maigidana ya kalli hotunan a waya, ya ajiye ta, bai ƙara tada zancen gidan mari ba. Amma bai san inda za mu nufa ba, ni ma haka.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta ce mu kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika. Maigidana ya ce, "Ɗana ba mahaukaci ba ne, ɗan iska ne kawai." Ta ce, "Yaya, ba masu taɓin hankali kaɗai ake gani a can ba. A je a ji. In ba amfani, kuɗin mota kawai aka yi asara." Da ƙyar ya yarda.

Na zaci likita zai dube shi, ya rubuta allura, mu dawo. Ba haka aka yi ba. Ya gan mu tare, ya ga yaron shi kaɗai, ya gan mu ni da babansa ba yaron. Ya ba mu wata takarda mai tambayoyi 25 mu cika, ya ba mu irinta mu kai wa malamin ajinsa. Aka gwada fitsarinsa don a ga ko yana shan ƙwaya. Ya tambayi yadda haihuwarsa ta zo, ko ya taɓa buguwa a kai, ko yana farfaɗiya, ko yana ji da gani sosai, ko ya iya karatu daidai shekarunsa, yadda barcinsa yake, ko yana yawan ƙunci, ko wani babba ya taɓa lalata da shi. Ya ce duk waɗannan suna iya sa yaro ya birkice, kuma kowanne da hanyar maganinsa, don haka sai an kawar da su kafin a ambaci larurar ɗabi'a.

Sai a wani zuwan ya buɗe mana maganar. Ya ce akwai littafin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, DSM-5, wanda ya lissafa halaye 15 da ake gane larurar ɗabi'a da su, cikin gida huɗu. Gida na farko shi ne cutar da mutane da dabbobi, irin su tsoratarwa, tsokanar faɗa, ɗaukar makami, ƙwace da ƙarfi, tilasta wa wani lalata. Na biyu ɓarnar dukiya da gangan, har da cinna wuta. Na uku yaudara da sata, har da fasa gida ko shago ko mota. Na huɗu take manyan dokoki: daɗewa a waje da dare duk da hanin iyaye, da gudun makaranta, muddin sun fara kafin shekara 13, da kuma gudu daga gida a kwana a waje aƙalla sau biyu. Kafin a ce yaro yana da larurar, sai an sami aƙalla uku daga cikin 15 ɗin a watanni 12 da suka wuce, ɗaya kuma a cikin watanni shida na ƙarshe, sannan abin ya zama yana ɓata masa karatu ko zama da mutane. Yana faɗa ina ƙirgawa da yatsuna a ƙarƙashin hijabi. Baba Ƙarami ya wuce uku nesa ba kusa ba.

Malantata ta motsa, na ce, "Likita, in da wannan lissafin ne, ai rabin yaran da ke tasha da kasuwar Sabon Gari sun shiga." Ya ce tambayar tana kan hanya, kuma shi kansa littafin ya yi gargaɗi a kan haka. Almajirin da yunwa ta sa ya ɗauki biredi, ko yaron da ya gudu daga gidan da ake gana masa azaba, ko wanda ya taso inda in ba ka yi faɗa ba ba za ka tsira ba, ba a gaggawar ɗora musu wannan suna, sai an dubi halin da suke ciki. Ya kuma raba mana shi da wata larura da ake yawan haɗa su, ta taurin kai da gardama, inda yaro ke saurin fushi, yana musu da manya, yana ƙin bin umarni, yana riƙo, har tsawon wata shida ko fiye, amma ba ya sata, ba ya ɓarna, ba ya jikkata kowa. Na daɗe ina tuna wannan amsa, don na san yara da yawa da aka yanke wa hukunci a baki alhali yunwa ce ko tsoro ke ɗawainiya da su.

Daga nan ya yi tambayar da ta tsayar da mu. Ya ce, "Yaushe ya fara? Kafin ya cika shekara goma, ko bayan nan?" Babansa ya ce ai tun da ya shiga sakandare ya haɗu da abokan banza. Likita ya ce yana iya zama haka, amma wa ya riƙe shi kafin nan? Muka ce kakarsa. Ya ce to ita yake so ya gani, domin a kan shekara goman nan ake raba larurar gida biyu, kuma abin da zai gaya mana game da gaba ya dogara da amsar.

Fito da Hajiya daga cikin birni zuwa Shika ba ƙaramin aiki ba ne. Ta ce ita ba ta da abin faɗa wa likitan mahaukata. Sai da ƙanwata ta je ta durƙusa mata. Aka ɗauki shatar mota, muka bi ta Kwangila, muka wuce Samaru, tana jan carbi ba ta ce da kowa uffan ba.

Likitan sa'an 'ya'yanta ne. Ya taso daga kujerarsa ya rusuna ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa. Ta ce, "Angon nawa lafiyarsa ƙalau a hannuna. Can Tudun Wada aka ɓata shi." Ban ɗago kai ba. Ya ce, "Hajiya, ban kira ki don a kama laifin kowa ba. Ke kika san shi lokacin da ba wanda ya san shi." Ya fara da abubuwa masu sauƙi, yaushe ya yi tafiya, yaushe ya yi magana, wane abinci yake so. Ta saki jiki, har da dariya. Sai ya ce, "Kina kiwo a gida?" Ta ce kaji da awaki. Ya ce, "Yaya yake da su?"

Carbin ya tsaya a hannunta. Ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. Can ta ce yana ɗan shekara bakwai ta tarar ya zuba 'yan tsaki a randa ya rufe. Bayan nan ya ɗaure kyanwar gidan da igiya ya jefa rijiya, sai da aka yashe ta. Yana ɗan takwas ya cinna wa zanan maƙwabta wuta bayan sun yi faɗa da yaron gidan, ita ta biya a ɓoye da kuɗin akuyarta. Malamin makarantar allo ya sha kawo ƙara cewa ba ya zama wuri ɗaya, yana kwaɗa wa yara allo a ka. "Ban faɗa ba," in ji ta, "don na san in ubansa ya ji zai karɓe shi ya yi ta jibga. Na ce ƙuruciya ce, zai bari." Tana faɗa hawaye na bin fuskarta. Maigidana, wanda ban taɓa ganin ya rasa abin cewa ba, ya matsa ya riƙe mata hannu.

Har gobe ban ga laifin Hajiya ba. Ta yi abin da take ganin kariya ce ga jikanta, kuma tsoron da ta ji gaskiya ne. Ba kowace tsohuwa ba ce za ta zauna gaban baƙo da surukarta ta tona abin da ta rufe shekara da shekaru. Ba don ita ba, da an rubuta wa ɗana abin da ba shi ne ba.

Likita ya ce nasa mai farawa tun yarinta ne, tunda alama ko ɗaya ce ta bayyana kafin shekara goma ta isa. Bai ɓoye mana ba cewa wannan ya fi nauyi. An fi ganinsa ga maza, yakan zo tare da larurar rashin natsuwa, kuma ya fi yiwuwar bin yaro har girma in ba a tashi tsaye ba. Ɗaya nau'in, mai farawa da balaga, shi ne wanda babansa ya zata: yaro lafiyayye sai ya shiga cikin abokai ya canza, kuma da yawansu sukan dawo hanya in sun girma. Akwai ma na uku da ake rubutawa in ba a sami wanda ya san farkon ba. Ba don Hajiya ba, da a nan za a jefa Baba Ƙarami, ko a bi maganar babansa a ce mu raba shi da abokai mu jira. Ta fuskar tsanani kuma, cikin matakai uku, ya sa shi a na tsakiya. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa kundin Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022, shi ma a kan shekara goman ya raba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi tsorata ni. Ya ce akwai ƙarin bayani da ake liƙa wa wasu yaran, na ƙarancin tausayi. Abubuwa huɗu ake dubawa: rashin nadama, rashin jin zafin wani, rashin damuwa da ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, da motsin zuciya na saman baki kawai. Sai an ga biyu aƙalla, tsawon shekara guda, a wurare dabam-dabam kuma da mutane dabam-dabam, ba a gida kaɗai ba. Bayan labarin 'yan tsaki, na riga na yanke ƙauna. Ya ce, "Malama, akwai wanda kika taɓa gani ya tausaya wa?"

Autarmu sikila ce. Na ba shi labarin wani dare da ciwon ya tashi, babansu ya yi tafiya, ba wuta. Baba Ƙarami ya shigo daga yawonsa wajen ƙarfe ɗaya, ya tarar tana ihu. Bai ce komai ba ya ɗora ruwa a risho, ya jiƙa tawul yana gasa mata ƙafafu. Da abin ya ƙi, ya goya ta ya fita da ita titi neman abin hawa, ina biye da fitilar waya. A asibiti ya kwana a tsaye. Na kuma faɗa masa cewa bayan fasa kan yaron nan na ji shi yana kuka a banɗaki, ya buɗe famfo don kada a ji. Likita ya haɗa da abin da malamin ajinsa ya rubuta da abin da shi kansa ya gani a zamansu, ya ce ba zai sa wannan ƙarin ba. Ranar, ina idar da sallar isha'i na daɗe a kan darduma ban iya tashi ba.

Binciken ya kuma fito da larurar rashin natsuwa da ƙarancin mai da hankali, ADHD, wadda alamunta ke bayyana kafin shekara 12. Ita ce malamin allo ya yi ta kawo ƙara a kai. A kanta kaɗai aka ba shi magani, mai tsada kuma ba kullum ake samu ba. Larurar ɗabi'ar kuwa, ya ce ba ƙwaya ba allurar da ke cire ta. Ya ce mu ci gaba da addu'a, shi ma yana yi wa nasa, amma aikin yana wuyanmu.

Mu iyaye aka mayar ɗalibai. Wata ma'aikaciya a sashen ta riƙa zama da mu. Ta ce duka mai tsanani yau, kau da kai gobe, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara rura wannan larura, haka ma tara yara masu irin halin a wuri ɗaya. Aka tsayar da dokoki kaɗan: ya kasance a gida kafin tara, ba taɓa kayan kowa, ba ɗaga hannu a kan kowa. Kowace da hukuncinta sananne tun kafin a karya, ba bulala a ciki, kuma iri ɗaya ne a Tudun Wada da gidan Hajiya. In ya sata, zai mayar da hannunsa ya biya da aikinsa. Babansa ya sha wuya kafin ya iya haɗiye fushi, amma ya yi, kuma ina girmama shi a kan haka.

Nawa aikin shi ne yabo da zama. Aka ce in ware masa kamar kwata na awa kullum, ni da shi, ba faɗa ba nasiha, kuma in ya yi abin kirki in faɗa masa a gabansa nan take. Ga macen da aka tarbiyyantar a kan ko sunan ɗan fari ba ta kamawa, wannan ya fi hawan dutsen Kufena wuya. Na fara da kiransa ya taya ni tsintar wake bayan la'asar. Kwanakin farko ba mai cewa komai, sai ƙarar tsakuwa a faranti. Ranar da na fara cewa, "Jiya ka dawo da wuri, na ji daɗi, Allah Ya yi maka albarka," ya ɗago ya dube ni ya ce, "Anti, da ni kike?"

Ba a miƙe aka tafi ba. Kullen korona na 2020 ya rufe makarantu, zuwa asibiti ya yi wuya, ya koma wa tsofaffin abokai, har muka tsinci tiramol a aljihunsa. Aka sake ɗaura ɗamara. Wani aminin babansa mai walda ya karɓe shi, bayan an gaya masa komai ba rufa-rufa. Shi ke riƙe masa kuɗin aikinsa, kuma duk ranar da bai zo ba kafin azahar waya ta iso mu. Ƙarfe da wuta da hayaniya sun dace da jikin da ba ya son zama. Ya gama sakandare da ƙyar, amma ya gama.

Da ya cika 18 likita ya sake duba shi, don akwai wata larura ta manya, ta halin ƙin mutunta haƙƙin jama'a, wadda ba a rubuta wa kowa sai ya kai wannan shekarun, kuma sai an tabbatar yana da larurar ɗabi'a tun kafin 15. Sharaɗi na biyun yana kansa. Amma da aka auna yadda yake rayuwa a lokacin, bai cika sauran ba.

A ajina yanzu, in na ga yaro yana azabtar da ƙadangare yana dariya, ko yana yawan jikkata 'yan'uwansa, ba na sa masa suna, don ba aikina ba ne kuma ban isa ba. Ina rubuta abin da na gani da ranar da na gani, in kira iyayensa, in tambayi wanda ya raine shi. Wasu sun ji haushina. Wasu sun je Shika.

Baba Ƙarami yana nan yana walda, har yana da yara biyu a ƙarƙashinsa. Zuciya tana nan, ko a watannin baya sai da aka raba shi da wani a kan kuɗin ƙofa, amma da ƙafarsa ya je ya ba da haƙuri. Kwanan nan ya aiko ƙanwata ta gaya mana akwai yarinyar da yake so a Gyallesu. Baffansa ya ce in an tashi zuwa tambaya kada kowa ya tada tsohon zance. Ni da babansa mun zauna da shi, mun ce mutanen za su yi bincike, kuma layinmu bai manta da maganar shago ba, gara su ji daga bakinmu, har da zuwa asibitin da abin da likita ya rubuta. Ya ce ya yarda, amma shi zai fara gaya wa yarinyar da kansa kafin manya su je. Mun ba shi zuwa bayan Babbar Sallah.